Ungozoma da Ƙwan Durgu

Duk wanda aka haifa a layin nan, in ka bincika da kyau, za ka tarar hannun Sista ne ya fara taɓa shi kafin na uwarsa. Ta yi aikin ungozoma a ɗakin haihuwa na asibiti tun tana budurwa mai farin takalmi har furfura ta cika mata kai, kuma sunan aikin ya biyo ta gida ya haɗiye na yanka. Jikokinta ma Sista suke ce mata. Mutum ɗaya ne bai taɓa kiranta da shi ba, wato ƙanenta kafinta, wanda ta goya a bayanta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shi Yaya yake ce mata, ita kuma ta ce masa Auta, ko da yake gemunsa ya soma fari.

Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, tana tafiya kullum kamar an aike ta. Ba ta da mugunta ko kaɗan, amma Allah bai ba ta ikon naɗe hannu tana kallon abu yana wahala ba. In yaro yana kokawa da igiyar takalmi, kafin ya ankara ta durƙusa ta ɗaure masa. In maƙwabciya tana ba da labari ta tsaya neman kalma, Sista ce za ta ƙarasa mata zancen, ko ya dace ko bai dace ba. A asibiti wannan halin alheri ne, don naƙuda in ta tsaya, jira shi ne yake kisa, kuma haka take koya wa 'yan matan da ake kawo mata horo. Abu na biyu da aka san ta da shi shi ne maganarta. In ta fito daga ɗakin haihuwa ta ce wa mutum lafiya, to lafiya ce, ya je ya ci abinci. In kuwa ba lafiya ba, za ta kama hannunsa ta faɗa masa, ba ta rufe-rufe. Auta kam tun yana yaro bai san wata hujja da ta wuce "Yaya ta ce" ba. Ko katako zai saya mai tsada, sai ya ji ta bakinta, ita da ba ta san kan ƙusa ba.

Mijinta mai gyaran agogo ne, shagonsa a jikin ƙofar gida. Mutum ne da zai iya wuni guda yana kallon ƙaramin ƙarfe ta madubin ido bai taɓa shi ba. Mutane suna mamakin yadda wuta da ruwa suka zauna a ɗaki ɗaya har suka aurar da 'ya'ya. Shi dai cewa yake yi, ita take gudu, shi yake riƙe mata takalmi.

Da ta bar aiki, gidan ya yi mata girma. Ta wanke labule, ta sake wanke shi. Ta shiga shagon Mai Agogo ta jera masa kayan aiki yadda ta ga ya dace, ya yi mako yana neman hantsakinsa. Ana cikin haka wata mata da Sista ta taɓa karɓa wa haihuwar tagwaye ta kawo mata kyautar kaza, baƙa mai jan tukku. Daga wannan kazar komai ya faro. Kafin shekara ta zagayo, bayan gidan ya cika da kaji, akwai akurki, akwai kasko na ruwa, akwai tsohon kwandon wanki da ta mayar wurin kwanci. Ta san kowace kaza da halinta, ta san mai rowa, ta san mai satar ƙwan wata. Da safe takan zauna a kan turmi da kofin shayi tana kallon uwa tana tono tana kiran 'ya'yanta, su kuma suna rugowa suna tuntuɓe da ƙafafun juna, sai ta yi ta dariya ita kaɗai. Ta ce a duk shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin mai jego da ta tashi ta kama sana'a da wuri kamar kaza ba.

Ta kuma ɗanɗana ɗacin abin. Shirwa ta ɗauke mata 'yan tsaki a gaban idonta tana riƙe da tsintsiya. Wata shekara ciwo ya shigo, kajin suka riƙa zama jugum suna zubar da yawu, ta yi ta ɗura musu magani da sirinji, amma sai da ta binne fiye da rabi. Ta yi kuka a bayan akurki, ta share hawaye, ta wanke wurin da ruwan zafi, ta faro daga farko. Abu ɗaya ne kawai kajin ba su taɓa bari ta sa hannu a ciki ba, shi ne ƙyanƙyasa. In kaza tana kwanci, Sista ta miƙa hannu, sai ta sha sara. Sai dai ta wayi gari ta ga kawuna suna leƙowa daga ƙarƙashin fiffike. Wannan yana ɗan ci mata rai, amma ba ta taɓa tsayawa ta yi tunanin dalilin da ya sa uwar take korar ta ba.

Matar Auta ita ma mai kiwon kaji ce, amma nata durgu ne, irin gajerun nan masu guntayen ƙafafu da suke tafiya kamar cikinsu zai share ƙasa. Da su ta zo daga gidan iyayenta, kuma ba ta yarda su haɗu da wasu. Ba su sami haihuwa ba, ita da Auta, don haka gidan daga su biyu sai durgu. Ciwo ya kwantar da ita, aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba.

Auta ya rufe shago. Ya zauna a gida yana kallon bango, abincin da Sista take aika masa ya dawo yadda aka kai shi. Kajin marigayiya kuwa, da yake babu mai duba su, suka riƙa ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ciwo, wannan ɓarawo, wannan mota, har ya rage saura kaza ɗaya ja. Ita ce ta yi ƙwai a bayan katakan da ya jingina a tsakar gida, ta hau kwanci. Ganin haka ya ɗan dawo da shi cikin mutane, ya soma ajiye mata ruwa da tsaba. Wata safiya ya fito ya tarar da gashinta warwatse, muzuru ya riga shi.

Ya zo gidan Yayarsa ko takalmi bai sa daidai ba, da ƙwai bakwai a cikin hularsa, ya rungume hular a ƙirji a ƙarƙashin riga don kada su huce. Ya tsaya a tsakar gida. Da ƙyar ya ce, "Yaya, su ke nan suka rage."

Ta karɓa da hannu biyu, ta ce ya kwantar da hankalinsa, ai sun zo gida.

Matsalar ita ce a lokacin babu kazarta ko ɗaya da take kwanci. Ta gwada cusa su ƙarƙashin baƙar kazar nan, ta tashi ta yi tafiyarta tana ƙorafi. A nan ne Mai Agogo ya nuna amfanin haƙurinsa. Ya samo akwatin katako, ya shimfiɗa masa tsumma, ya rataya fitilar lantarki a ciki da batir saboda ɗaukewar wuta, ya ajiye ɗan kwanon ruwa a kusurwa don kada iskar ciki ta bushe. Sannan ya ciro gilashin wani tsohon agogon bango ya yi wa akwatin taga a sama. Sista ta kawo ma'aunin zafi daga jakarta ta aiki. Aka ajiye akwatin a ɗakinta, kusa da gado.

Ta yi renon ƙwan nan kamar masu ciki bakwai aka ba ta. Ta yi wa kowane alama da fensir don ta san gefen da ta juya. Takan rufe labule da rana ta haska ƙwai da tocila, ta ga jijiyoyin jini ja kamar saiwa, ta ga ɗan baƙin abu yana motsi. Ɗaya ne kawai ya zama bara-gurbi, ta fitar da shi, shida suna raye. Auta ya riƙa zuwa kowace yamma. Ranar da ta nuna masa motsin, ya riƙe numfashi yana kallo, sannan ya tambaya ko akwai sauran abinci a tukunya. Sista ta juya baya tana zuba masa don kada ya ga idonta ya cika.

Ranar da abin ya zo, da hantsi ne. Ta leƙa ta gilashi ta ga ƙwai ɗaya ya tsage, ɗan baki ya huda ɓawo, yana buɗewa yana rufewa, har tana jin kukansa siriri. Ta ƙwala wa mijinta kira, ya zo ya gani, suka yi murna. Sai kuma ɗan tsakon ya yi shiru. Bakin yana nan a ramin, yana numfashi, amma ɓawon bai ƙara tsagewa ba. Ta ja kujera ta zauna. Ta tashi ta ɗora tukunya, ta dawo, yana nan yadda yake. Na biyu ya huda, shi ma ya tsaya.

Mai Agogo ya san matarsa. Da zai koma shago ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sista, ki ƙyale su. Kaza ba ta da ungozoma, kuma ga su nan sun cika duniya."

Ta ce masa ya je ya ji da agogunansa, naƙuda ba fanninsa ba ce.

Abin da Sista ba ta sani ba, wanda kowace kaza ta sani, shi ne wannan shirun ba tsayawar naƙuda ba ne. Ɗan tsako in ya huda ɓawo yakan kwanta ya huta, wani lokaci wuni guda, yana koyon numfashi, jinin da ke jikin fatar ƙwan yana komawa jikinsa, gwaiduwar da ta rage tana shigewa cikinsa. Aikinsa yake yi. Amma ita abin da idonta ya gani shi ne kai ya taho ya maƙale, lokaci yana tafiya, kuma jikinta duka ya san abin da ake yi a irin wannan hali. Ta dafa ruwa. Ta wanke hannu har gwiwa da sabulu, ta sa safar hannu, ta shimfiɗa farin tawul a kan tebur, ta kawo auduga. Ta leƙa shago lokacin da mijinta yake ciniki da wani, ta zare ƙaramin hantsakinsa.

Ta ɗauko na farkon ta soma ɓantarar ɓawon a hankali, hannunta ko rawa ba ya yi. Da ta kai ga farar fatar ciki ta ja ta, sai jini ya ɓullo, ɗigo ɗaya, sannan ya jiƙa audugar. Ta ƙarasa buɗewa da sauri. Ɗan tsakon ya kwanta a tafin hannunta jiƙe sharkaf, gwaiduwa tana rataye a cibiyarsa ba ta shige ba. Ya buɗe baki sau biyu ko uku, ya saki.

A nan ya kamata ta tsaya. Wani ma da ya tsaya, don tsoro ya ishe shi. Amma Sista ta ga mutuwa da yawa a kan tebur, kuma kusan kowace sunanta ɗaya ne, an makara. Ta ce wa ranta ta bar shi ya galabaita ne, da ta shiga tun da wuri da ya rayu. Saboda haka ta ɗauko na biyu ba ta jira ba. Da shi ma ya tafi, ta ɗauko na uku wanda ko gama hudawa bai yi ba. Tana yi tana addu'a, gumi yana zuba mata a ido. Sai da ta kai na shida, wanda ta fasa da hannunta tun bai taɓa ɓawo ba, ta ga yadda jijiyoyin suke cike da jini, ɗanye sharaf, sannan abin ya faɗo mata. Ba makara ta yi ba. Lokacinsu ne bai yi ba, ita ta je ta fito da su.

Mai Agogo ya shigo neman hantsakinsa ya same ta zaune, safar hannu duk jini, gawa shida jere a kan farin tawul, ƙafafunsu guntaye kamar na uwarsu. Ya duba, ya ɗauki hantsakin, ya goge shi da gefen rigarsa. Da ya yi faɗa da ta ji sauƙi. Sai kawai ya naɗe tawul ɗin ya fita da shi bayan gida, ta ji ƙarar fartanya.

Da yamma ta ji sallamar Auta. Ta yi niyyar faɗa masa, Allah ya sani ta yi niyya. Ta fito tsakar gida, ta gan shi ya yi aski, ya sa riga wankakkiya, yana murmushi irin wanda rabonta da gani tun kafin rasuwa. Ya tambaya ko akwai labari. Bakinta ya riga ta, ta ji kanta tana cewa sun fito, duka shida, amma ba a buɗe akwatin yau, iska za ta kama su, ya dawo jibi. Ya ɗaga hannu ya gode wa Allah, ya gode mata, ya ce ai ya san tun da suka shiga hannunta sun tsira. Mai Agogo yana zaune a kan tabarma, ya sunkuyar da kai yana gyara zaman hularsa.

Washegari Sista ta yafa mayafin da ba ta saba sawa ba, ta bi ta bayan layi zuwa kasuwa, ta wuce masu kajin da suka san ta, ta je can ƙarshe wurin wata mata baƙuwa mai 'yan tsaki a kwando. Ta zaɓi shida masu ɗan ja-ja. Ta tambaya cikin ƙasa-ƙasa da murya ko durgu ne. Matar ta dube ta sama da ƙasa ta ce duk abin da take so su zama, shi ne. Ta dawo da su a kwali, tana tafiya tana jin kamar kowa a titi ya san abin da ke ciki. Wata mata da ta taɓa karɓa wa haihuwa ta gaishe ta, ta amsa ba ta ɗaga ido ba.

Auta ya zo ya durƙusa a gaban akwatin ya daɗe. Ɗan tsako dai ɗan tsako ne, dunƙulen auduga mai ido, kuma shi kafinta ne, ba shi ya saba duba kajin gidansa ba. Ya ɗauki ɗaya ya ce wannan kamanninta ɗaya da uwar. Ya roƙi Yaya ta riƙe su har su yi ƙwari, shi kuma zai yi musu ɗaki. Ya buɗe shagonsa a wannan makon.

Ɗakin da ya ƙera musu sai wanda ya gani. Ya goge katakon sumul, ya yi masa rufi da ƙofa mai sakata. Sandar da za su hau su kwana ya sa ta ƙasa-ƙasa, taƙi ɗaya daga dandamali, ya kuma yi ɗan tsani mai ƙananan matakai, don ya ce marigayiya takan ce durgu ba ya iya tsalle, mutane ba sa tunawa da haka. Ya ɗauko shi a amalanke ya kawo bayan gidan Yayarsa. Sista ta yaba aikin, ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa ta jima.

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, in ji masu magana, amma ta Sista ƙafafu ta yi. 'Yan tsakin suna ci suna sha, ƙafafunsu suna miƙewa kamar ana jan su da dare. Kowace safiya ta fito ta duba, ta ga sun ƙara tsawo. Shayin da take sha a kan turmi ya daina yi mata daɗi. Ta rasa dabara, sai ta ce wa Auta ya riƙa kawo mata dusar katako daga shago, sanyin ƙasa ba ya yi musu kyau. Ya riƙa kawowa buhu-buhu da murnarsa, ita kuma tana zubawa a ɗakin har ta kai musu gwiwa, don in ya leƙa ya ga jiki kawai a kan dusa. In ya zo da yamma sai ta tabbatar an riga an rufe su. Matar da ta tsaya a gaban manyan likitoci ta faɗa musu sun yi kuskure, ga ta tana binne ƙafafun kaji da hannunta, tana sauraron takun ƙanenta.

Mai Agogo sau ɗaya ya yi magana. Yana kallonta tana ƙara dusa ya ce, "Ƙafa dai ba ta komawa ciki, Sista." Ta ce ta sani. Ya ce to. Ta so ya ce ƙari, bai ƙara ba.

Ta rame. Ta daina zuwa barka, ta daina ƙarasa wa mutane zance. In wata ta kawo mata jariri ta duba, takan duba, amma sai ta ce a kai asibiti a ji ta bakin likita, abin da ba ta taɓa faɗa ba. Tana kallon hannunta wani lokaci kamar na aro. Kunyar kashe 'yan tsakin tana nan, amma wannan ta san yadda za ta ɗauke ta, kuskure ne, kowane mai aiki yana da kabarinsa. Wadda take hana ta haɗiyar abinci ita ce ta kowace yamma, in Auta ya zauna a kan benci yana ba ta labarin odar kujeru da ya samu, yana dubanta da idon nan nasa na yaro.

Abin ya fashe ne ta inda ba ta zata ba. Wata yamma Auta ya zo da wuri, kajin suna waje suna kiwo, sun zama 'yan matasa, ɗaya ma har ya haye kan katanga. Maƙwabciyarsu mai sayar da sabulu ta shigo aron rariya, mace mai baki kamar reza amma ba ta da ƙeta. Ta tsaya ta dube su ta yi dariya, ta ce waɗannan ne durgun da ake ta labari, ai sun fi ta ƙafa, ko dai an yi wa Sista musanya a ɗakin haihuwa ne.

Sista ta daskare da kwano a hannu. Ta ɗauka Auta zai duba ya gane, har ta ji wani irin sauƙi yana tahowa. Sai ta ga ya miƙe tsaye, mutumin da ko yaron shago bai taɓa ɗaga wa murya ba. Ya ce wa matar wataƙila zakaran maƙwabta ne ya haura gidansa, wataƙila gado ne na kakanni ya dawo, shi bai sani ba, amma ƙwan da ya kawo da hannunsa su ne waɗannan.

"Yayata ce ta ce su ne," in ji shi. "Ki tambayi duk layin nan ko an taɓa kama ta da magana biyu."

Mai sabulu ta ba da haƙuri, ta ce wasa take yi, ta fita ko rariyar ba ta ɗauka ba. Auta ya zauna yana huci, ya ce wa Yayarsa kada ta sa abin a ranta, mutane ba su da ta ido. Ita kuwa da ƙasa za ta tsage da ta shige ta ja ta rufe.

Da safe ta yi wanka ta tafi shagon Auta. Ta same shi shi kaɗai yana goge ƙafar tebur, dusa ta rufe masa gira. Ya jawo mata kujera, ta ƙi zama. A tsaye ta faɗa masa, yadda ta saba faɗa wa mazaje a bakin ɗakin haihuwa, ba ta rage komai ba, tun daga hantsaki da farin tawul har matar kasuwa da dalilin buhunan dusa. Ta ce ba ta zo neman ya ce ba komai ba, don akwai komai.

Ya ajiye abin gugar. Ya tambaya ko guntayen ƙafafu ne da su, ta ce guntaye ne, duka shida. Ya gyaɗa kai. Ya ce kaji dai kaji ne, da ta faɗa masa tun a ranar, da ya yi baƙin ciki ya gama, kuma ya san don shi ta yi. Ta soma jin numfashinta yana dawowa. Sai ya ɗago ya dube ta, ba da fushi ba, da wani abu da ya fi fushi nauyi.

"Yaya, ranar da matata ta rasu, ni ina waje, ke kina ciki. Kika fito kika ce min ta tafi cikin barci, ba ta sha wahala ba, kuma sunana ne ƙarshen abin da ta faɗa." Sannan ya ce, "Shi ma don ni kika faɗa?"

Gaskiya ta faɗa masa a wancan karon. Tana riƙe da hannun matar, ta ji sunan da kunnenta, ta ga numfashin ya sauka a hankali. Ta buɗe baki ta ce wallahi haka aka yi, kuma tana faɗa tana jin muryarta, ita ce dai muryar da ta ce sun fito duka shida, babu abin da ya bambanta su.

Auta ya ce, "To, Yaya." Ya ɗauki abin gugarsa ya ci gaba da goge ƙafar tebur, ita kuma tana tsaye a cikin dusa, ba ta da sauran abin da za ta rantse masa da shi.